Tayim Ɗin Daji: Wa Ya Sha Ya Warke?

A zangon karatun da ya wuce, Malaminmu na darasin fassara ya shigo aji da wata takarda mai shafi ɗaya, ya raba mana, ya ce kowa ya mayar da ita Hausa kafin mako ya zagayo. Taƙaitaccen bayani ne na wani binciken kimiyya da aka yi a Turai a kan wani tsiro da ake kira tayim ɗin daji, wato irin sinadaran da ke cikinsa da kuma abin da ake fatan zai iya yi a fagen magani. Mu goma sha ɗaya ne a ajin, kuma babu ko ɗayanmu da ya sha Hausa a nono. Akwai Yarbawa irina, akwai Ibo biyu, akwai wata 'yar Edo. Na zauna da ƙamus dare biyu, na fitar da abin da nake ganin ya yi daɗin karantawa, har na sa masa kai kamar haka: "Ganyen da ke maganin ƙwayoyin cuta da ciwon suga." Da takardar ta dawo hannuna, ban ga gyaran nahawu ba, ban ga inda aka zagaye mini ƙ ko ɗ da na manta lanƙwasarsu ba, alhali wannan shi ne laifina na kullum. Abin da na tarar kawai wata tambaya ce da jan biro a ƙarƙashin kan: "Wa ya sha ya warke?"

Na koma kan Ingilishin na bi shi kalma bayan kalma. Babu mutum ko ɗaya a cikin binciken. An busar da ganye, an tatsi abin da ke cikinsa, an ɗiga a kan ƙwayoyin cuta da aka rena a faranti a ɗakin gwaje-gwaje, wasunsu suka mutu. Batun suga kuwa jimla ɗaya ce tak a can ƙarshe, inda masu binciken suka ce abin ya cancanci a ƙara dubawa. Su sun ce "mai yiwuwa", ni na ce "yana magani". Tsakanin maganarsu da tawa akwai aikin shekaru da kuɗi masu yawa, kuma yawancin tsirran da suka kama wannan hanya ba su kai ƙarshenta ba. Ni kuwa na tsallake ta da kalma biyu, don kawai jimlata ta yi santsi a baki.

Abin da ya sa tambayar Malam ta tsaya mini a maƙogwaro shi ne, ni ce wadda bai kamata ta yi wannan kuskure ba. Ƙanwar mahaifiyata, wadda a Hausa zan kira Inna, ta daɗe tana fama da ciwon suga. Shekara biyu da suka wuce wani ya turo mata saƙon murya ta WhatsApp, cikin Yarbanci mai daɗin ji, wai Turawa sun gano cewa tayim yana warkar da suga. Inna ba ta yi shawara da kowa ba. Ta sayi tayim ɗin leda, irin wanda muke zubawa a dafa-duka da miyar kaza, ta riƙa tafasawa tana sha safe da yamma, ta ajiye ƙwayoyinta na asibiti a bayan akwati. Mako uku aka yi a haka. Ran nan ta yanke jiki ta faɗi a shagonta, sai da ta kwana huɗu a gadon asibiti. A lokacin na zagi mai saƙon nan iyakar zagi. Ga shi yanzu na zauna da ƙamus da ilmin jami'a, na yi daidai abin da ya yi, bambancin kawai shi da Yarbanci ya yi, ni da Hausa.

Don haka, 'yan uwana ɗalibai, ra'ayina shi ne wannan. Fassarar labarin magani aiki ne da ya rataya a wuyanmu mu masu nazarin harshe, kuma a cikinsa amana tana gaba da daɗin magana. Wanda zai fassara irin wannan labari sai ya san tsiron da ake magana a kai, ya san yadda aka sarrafa shi, ya kuma san a kan me aka gwada shi. Bari in yi amfani da tayim ɗin dajin nan in nuna abin da nake nufi, tunda shi ne ya kayar da ni.

Mu fara da suna. Tayim ɗin daji tsiro ne na Turai da wasu sassan Asiya, masana suna kiransa Thymus serpyllum, sunan da Linnaeus ya tabbatar masa a 1753. Ɗan gajere ne, yana yaɗo a ƙasa kamar tabarma, ganyensa ƙanana, furensa ja-ja mai ratsin shuɗi, kuma ya fi son ƙasa mai yashi da duwatsu. Kashi na biyu na sunan ma daga wata kalmar Girkanci ya samo asali mai ma'anar rarrafe. Wanda ke cikin ledar Inna kuwa galibi ɗan uwansa ne, Thymus vulgaris, tayim ɗin lambu, wanda asalinsa yankin Bahar Rum ne, wajen Sifen da kudancin Faransa da Italiya. Dangin Thymus sun haura iri 200. Habasha ma tana da nata, wanda suke kira tosinyi suna sa shi a shayi. Duk waɗannan 'yan gida ɗaya ne da na'ana'a da ɗaɗɗoya, amma kama da wane ba wane ba ne.

Da hutu ya zo na je unguwar Sabo ta Ibadan, inda nake zuwa gyara bakina tun ina aji ɗaya. Akwai wani dattijo mai sayar da sassaƙe da saiwoyi da nake zama wurinsa. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, don Allah kuna da tayim ɗin daji?" Ya dube ni ya ce, "'Yata, tayim na miya dai na sani, yana wajen masu kayan ƙamshi. Na daji kuma, daga wane dajin?" Na nuna masa hotonsa a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar ya ce hoto ba ya ƙamshi, shi kuwa da hanci yake gane ganye. Ya ce in ƙamshi mai shiga ƙirji nake nema, ga ɗaɗɗoya, amma kada in ce ya ce ita ce wannan. Dattijon nan bai taɓa zama a ajin fassara ba, amma ya ƙi yin abin da huɗu daga cikinmu suka yi a aikin Malam, wato su ɗauki "ɗaɗɗoya" su ɗora a kan tsiron Turai don kawai a ga sun samo kalmar Hausa. J. M. Dalziel, likitan da ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, abin da ya sa aikinsa yake da amfani har yau shi ne ya haɗa kowane suna na Hausa da sunan kimiyyarsa. Idan tsiro ba shi da suna a Hausa domin ba ya fitowa a ƙasar Hausa, gaskiya ita ce a ari sunansa a faɗi inda yake fitowa. Aron kalma bai taɓa kashe harshe ba. Musayar tsiro da tsiro kuwa tana iya kashe mutum.

Yanzu ga abin da ke cikin ganyen. Idan ka murza tayim a yatsa, ƙamshin da ke tashi daga wani mai ne da ke ajiye a cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna a jikin ganyen. Ana fitar da wannan mai ta hanyar tura tururi ya ratsa ganyen, sannan a sanyaya tururin, man ya taso a saman ruwa. Ba shi da yawa ko kaɗan. Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya ce busasshen tayim ɗin daji sai ya ba da aƙalla mililita 3 na mai a kowane kilo kafin a karɓe shi, na lambu kuwa mililita 12. Cokalin shayi yana ɗaukar mililita 5. Ke nan za ka iya tara kilo guda na busasshen tayim ɗin daji, ka tatse shi kaf, man bai cika cokalin shayi ba.

A cikin wannan ɗan mai akwai sinadarai da dama, amma biyu ne suka fi suna: taimol da karbakurol. Mu masu nazarin harshe ba za mu sha wahalar gane dangantakarsu ba. Kowannensu an gina shi da ƙwayar kabon 10, haidirojin 14, da oksijin 1. Kayan gini iri ɗaya ne, wurin da aka ɗora oksijin ɗin ne kawai ya bambanta, kamar yadda "rama" da "mara" suke da haruffa iri ɗaya amma ɗaya ganye ce ɗaya kuwa sashen jiki. Taimol tsohon sananne ne, wani Bajamushe mai harhaɗa magunguna, Caspar Neumann, shi ya fara ware shi a 1719. Yadda yake kashe ƙwayar bakteriya ma an fahimce shi. Fatar da ta lulluɓe ƙwayar tana da maiƙo, taimol kuwa yana narkewa a maiƙo, sai ya kutsa cikin fatar ya sa ta yoyo, abin da ke ciki ya tsiyaye, ƙwayar ta mutu. Sai dai fa mu ma ƙwayoyin jikinmu da irin wannan fata aka lulluɓe su. Shi ya sa tsantsar man tayim yake ƙona baki da fata in ba a sirka shi ba.

Ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. Tsiro iri ɗaya ba lallai ne ya ƙunshi sinadari iri ɗaya ba. A shekarun 1970 wasu masana a Mompeliye da ke kudancin Faransa sun nuna cewa tayim ɗin lambu da ke fitowa da kansa a tsaunukan yankin ya kasu gida shida ta fuskar mai. A ido duk ɗaya ne, amma wani taimol ne ya rinjaya a cikinsa, wani karbakurol, wani linalul mai ƙamshin fure, wani jeraniyol mai ƙamshin wardi. Na dajin ma haka yake, ko ma ya fi. Wanda aka tsinko a wasu wurare yana da taimol ko karbakurol sosai, amma a ƙasashen gaɓar tekun Baltik irin su Estoniya an auna wanda waɗannan biyun ba su taka kara sun karya ba a cikinsa. Ni da na ji wannan sai karin harshe ya faɗo mini a rai. Kananci da Sakkwatanci duk Hausa ne, amma wanda ya yi bincike a kan lamirin Sakkwatanci bai isa ya ce ya gama da Hausa ba. Hakazalika wanda ya gwada tayim ɗin wani tsauni a Sabiya, a kan na wannan tsaunin ya yi magana. Ƙasa da yanayi da lokacin tsinka da yadda aka busar duk suna canza lissafin. Ledar Inna kuwa, wa ya san shekarar da aka cika ta, bayan ta sha zafin rumfar kasuwa man ya bi iska?

Sai kuma kalmar da ta fi ba mu wahala a aji, wadda Ingilishi yake amfani da ita ga duk abin da aka tatso daga tsiro. Kalma ɗaya ce a wurinsu, kuma mu duka mun fassara ta da "ruwan ganye". A nan ne na gane cewa Hausa ta fi mu shiri. Bahaushe yana da jiƙo, wato a zuba a ruwan sanyi a bari ya jiƙa. Yana da tsimi, wanda ake bari ya daɗe. Yana da tafasawa a sha, yana da sirace, yana da hayaƙi, yana da gari da ake sha a kunu ko a kwaɓa a shafa. Mai maganin gargajiya ba ya haɗa su, domin ya san kowanne aikinsa daban. Kimiyya ta yarda da shi. Taimol ba ya son ruwa, abin da lita guda za ta narkar bai wuce giram ɗaya ba, kuma wani kaso yana gudu da tururi in ana tafasawa. Abin da ruwan zafi ya fi fitarwa daga tayim wasu sinadarai ne daban, irin su asid ɗin rosmarinik da waɗanda ke sa baurin shayi. Idan kuma da barasar ɗakin gwaji aka jiƙa, wani haɗin ne zai fito. Saboda haka in bincike ya ce man tayim ya kashe wata ƙwaya, bai ce komai a kan shayin tayim ba. Mai fassarar da ya rubuta "ruwan ganye" ya share wannan bambanci gaba ɗaya, alhali harshen da yake fassarawa zuwa gare shi yana da kalmomin a ajiye.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha a yau, wanda ya samo asali daga sinadarin atimisinin, sai da aka karanta irin wannan kalma da kyau kafin a same shi. Tu Youyou, masaniyar ƙasar Sin, ta daɗe tana gwada tsiron da ke ɗauke da shi, sakamakon yana hawa yana sauka. Sai ta koma wani tsohon littafin magani na ƙarni na 4, na wani mai suna Ge Hong, ta lura cewa ya ba da umarnin a jiƙa ganyen a ruwa a matse ne, bai ambaci wuta ba. Ta bar dafawa, ta koma tatsa ba tare da zafi mai yawa ba, a 1971 abin ya yi aiki. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Da wanda ya kwafi littafin nan ya ga jiƙo ya rubuta tafasa don a wurinsa duk ɗaya ne, Allah kaɗai ya san shekarun da za a ƙara ɓatawa.

To, me aka tabbatar game da tayim a jikin mutum? Akwai, kuma ba na son a ce na rage masa daraja. Taimol yana cikin sinadarai huɗu da ke aiki a ruwan kurkure baki na Listerine, wanda aka fara haɗawa a 1879. Masu kiwon zuma a Turai suna amfani da shi wajen kashe wata kaska da ke addabar ƙudan zuma. Amma a lura, ruwan kurkure baki tofarwa ake yi. A waje taimol jarumi ne. Da zarar an haɗiye shi kuwa labari ya canza, domin hanji da hanta suna sarrafa shi nan da nan. A wani gwaji da aka buga a 2002 a Jamus, an ba mutane 12 masu lafiya ƙwayar magani mai tayim, aka auna jininsu, ba a ga taimol a siffarsa ta asali ba, sai wanda jiki ya riga ya juya don ya fitar da shi ta fitsari. Abin da ya kashe ƙwaya a faranti bai ma iso jini a kamanninsa ba. In don kisa a faranti ne, ai ruwan gishiri mai kauri ma yana yi, kuma mun ga abin da ya faru a ƙasar nan a watan Agustan 2014, lokacin da jita-jita ta sa mutane suka yi ta shan ruwan gishiri don tsoron Ibola, har aka rasa rayuka.

An taɓa ba mutane taimol mai yawa su haɗiye, kuma tarihin yana da darasi a cikinsa. Wajen 1880, lokacin da ake haƙa ramin jirgin ƙasa na Gotad a tsaunukan Suwizalan, tsutsar ciki mai shan jini ta kwantar da leburori da yawa. Wani likita a Turin, Camillo Bozzolo, ya nuna cewa taimol yana fitar da ita. Daga 1909 hukumar da Rockefeller ya kafa ta yi amfani da shi a kudancin Amurka a kan dubban mutane, ana haɗawa da gishirin wankin ciki. Ya yi aiki. Amma sai an gargaɗi majiyyaci kada ya kusanci giya ko mai ko abinci mai maiƙo a ranar, domin suna narkar da taimol ya shiga jini da yawa ya zama guba, kuma an samu waɗanda suka mutu. Da aka samu magungunan da suka fi shi sauƙin haɗari sai aka ajiye shi. Duk mai cewa abin da ya fito daga ganye ba ya cutarwa, bai ji wannan labari ba.

Inda tayim ya fi samun shaida shi ne tari da majina. Kwamitin masana da gwamnatin Jamus ta kafa don tantance magungunan tsirrai ya amince da tayim ɗin daji a kan mura mai majina. A 2006 kuma aka buga wani gwaji da aka yi a kan manya 361 masu tarin ƙirji na ɗan lokaci. An ba rabi ruwan magani na tayim haɗe da wani tsiro mai hawa bango da ake kira aibi, rabi kuma aka ba su ruwa mai kama da shi wanda babu magani a ciki. Bayan kamar mako guda, yawan tarin rukunin farko ya ragu da kusan kashi 69 cikin ɗari, na biyun kuwa da kusan kashi 48. Mai fassara na gari zai kawo lambobin biyu tare, domin ta biyun ce ke nuna cewa irin wannan tari yana lafawa da kansa. Zai kuma faɗi cewa haɗin tsiro biyu ne aka auna a masana'anta. Batun suga, wanda ya kai Inna asibiti, abin da ake yawan kafa hujja da shi gwaji ne a kan dabbobi da kuma a cikin kwalba.

A kan wannan gwaji na tari ne na ci karo da tarkon da ya fi ba ni tsoro. Ciwon da aka gwada maganin a kansa shi ne buronkaitis, kuma in ka buɗe ƙamus zai ba ka "mashaƙo". Daidai ne a ƙamus. Amma tun daga ƙarshen 2022, lokacin da cutar difteriya ta ɓarke a Kano da wasu jihohin Arewa ta kashe yara da yawa, kafafen yaɗa labarai na Hausa da "mashaƙo" suke kiranta. Yau in ka rubuta cewa tayim yana sauƙaƙa mashaƙo, uwa a Kano za ta fahimci difteriya, cutar da ke toshe maƙoshin yaro, wadda ke bukatar asibiti da gaggawa kuma rigakafinta allura ce. Ka bi ƙamus sau da ƙafa, kuma ka yi ɓarna. Mu da muka koyi Hausa a aji mun fi kowa shiga wannan haɗari, domin ƙamus ne uwarmu da ubanmu. Dole mu riƙa sauraren rediyo, mu riƙa zama da masu harshen, mu ji inda kalma ta koma bayan an buga ƙamus.

Na san abin da wasu za su ce. Wani abokin karatuna ya riga ya faɗa mini a gaban aji, wai na zama 'yar koren maganin Bature, ina rena na gargajiya. Na ce masa ai tayim ɗin dajin ma maganin gargajiyar Bature ne, kakanninsu ne suke dafa shi don tari kamar yadda namu suke dafa nasu. In kishin gida ne, to ga ɗaɗɗoyar da Baba ya miƙo mini, wadda mu muke kira efinrin, Ibo kuma suke kira ncuwanwu. Ita ma ta kasu ta fuskar mai: akwai mai ƙamshin kanumfari, akwai kuma wadda taimol ne ya rinjaya a cikinta, kuma irin wannan ta biyun tana nan a Afirka ta Yamma. Farfesa Abayomi Sofowora na jami'ar Ife ya yi bincike a kan manta tun wajen 1970, kafin ya wallafa littafinsa a kan tsirran magani na Afirka a 1982. Ashe sinadarin da ake yi mana talla daga Turai yana bayan ɗakin girkinmu. Wannan bai mayar da ɗaɗɗoya tayim ba, bai kuma mayar da ita maganin suga ba. Abin da ya nuna shi ne ta cancanci a yi mata irin aikin da ake yi wa tayim, a auna, a gwada, a rubuta iyakar abin da aka gani. Wanda ya ƙara wa ganyenmu gishiri har mutum ya sha ya cutu, shi ne ya zubar masa da mutunci.

Wasu kuma za su ce wannan aikin likitoci ne da hukuma. Hukumar NAFDAC tana yi wa magungunan gargajiya rajista, kuma tana sa a rubuta a jikin kwalba cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Da wane harshe ake rubutawa? Da Ingilishi, da ƙananan haruffa. Mai talla a tasha kuwa da lasifika yake magana, cikin Hausa ko Yarbanci mai ratsa zuciya. Likita ba zai bi kowace mota ba. Mu ne za mu fita daga nan mu zama malaman makaranta, masu fassara a gidajen rediyo, masu rubuta takardun wayar da kai na ƙungiyoyin lafiya. Ta bakinmu labarin zai bi.

Kalmar "magani" ita kanta tana da faɗi fiye da yadda muke zato. Ana cewa maganin sauro, maganin ɓera, maganin yunwa, har a ce wane ya yi maganin wane. Tana ɗaukar abin da ke warkarwa, da abin da ke ragewa, da abin da ke hanawa, da abin da ke kashewa. A hira wannan arziki ne. A fassarar kimiyya kuwa sai an taka ta da hankali, a zaɓi aikatau da ya dace: ya rage, ya sauƙaƙa, ya hana yaɗuwa a faranti, ana fatan, ana kan gwadawa. Duk suna nan a harshen, ba sai mun ƙirƙiro ba.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ita ce mu ɗauki wani ɗan aiki da bai fi ƙarfinmu ba. Mu nemi ɗaliban sashen nazarin tsirrai da na harhaɗa magunguna, mu je wurin dattawa irin Baba na Sabo, mu tara sunayen ganyayen da ake sayarwa a kasuwanninmu da Hausa da Yarbanci da Ibo, kowanne da sunansa na kimiyya da yadda ake sarrafa shi. Ma'ajiyar busassun tsirrai ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan tana nan don tantance wanda aka yi shakka a kansa. Ko ganye talatin muka yi a shekara, 'yan bayanmu za su ɗora. Ina kuma roƙon a riƙa sa irin wannan takarda ta kimiyya a darasin fassara tun daga aji biyu, kada a bar mu da labaran siyasa da gajerun labarai kawai.

Malam ya ba mu damar sake aikin. Sabon kan da na sa ya fi na farko tsawo, kuma ba shi da daɗin faɗa: "Man wani tsiron Turai ya hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ɗakin gwaji, ba a gwada a kan mutane ba." Na kai wa Inna na fassara mata da Yarbanci, ta ce to in haka ne me ya sa aka buga shi tun farko. Na ce don wani ya ɗora daga inda suka tsaya. Ta ce su suka sani, ita dai tayim ɗinta ya koma tukunyar shinkafa. A wannan karon Malam ya ba ni 7 cikin 10, ya kuma zagaye mini ɗ guda biyu da na bari babu lanƙwasa.